Layar da Baba Ya Dawo da Ita daga Masar

Duk Zongo sun ɗauka layar da ke damtsen Baba maganin ƙarfe ce, wai ita ta dawo da shi daga yaƙi ko ƙwarzane babu. Ba haka ba ne. Shi kansa Baba bai san abin da ke ciki ba.

A shekarar da samarin jam'iyyu ke sarar juna da adda a Kumasi, yayana ya ce shi ma zai fita da mutanen unguwar Aboabo. Baba ya hana, ya ƙi ji. Da Baba ya ga ba makawa, sai ya kwance layar ya ba shi. Ɗinkin ya riga ya ruɓe, takarda ta leƙo. Yaya ya ga rubutun boko ne, ya miƙo mini, tunda ni kaɗai na yi sakandare a gidan. Ya ce in duba da sauri, baduku na jiransa a kasuwar Race Course don ya sake ɗinke ta.

Wasiƙa ce da fensir. Wani sojan ƙasa ɗan Ostareliya ya rubuta wa uwarsa. Bai cika shekara ashirin ba. Ya ce ƙafafunsa duk sun yi kanta, yashi har cikin shayi, gobe da safe za su tunkari bindigogi. Ya ce kada a bar ƙanwarsa ta hau dokinsa ba sirdi. A bayan takardar akwai adireshi.

Na tambayi Baba inda ya samo ta. Ya ce a Masar aikinsu ɗaukar waɗanda aka harba. Wannan yaron a ciki harsashi ya same shi. Suna cikin tafiya ya tura takardar a hannun Baba, yana ta maimaita wata magana da Baba bai ji ba, kafin su kai tanti ya cika. Baba ya ga yadda ya rungume ta a ƙirji, ya ce lallai addu'a ce, ya kai aka ɗinke a fata.

"Baba, aikawa ya ce ka yi," na ce. "Sama da shekara goma uwarsa ba ta ga wannan ba."

Baba ya zauna a bakin rijiya.

Yaya ya ce ko mene ne a ciki, ai ta yi aiki.

"Wane aiki? Mai ita tana aljihunsa aka harbe shi."

"Ke dai naɗe min. Boko ta cika miki baki."

Ya ce zai je ya kirawo badukun ya zo gida, in kuwa ya dawo bai tarar da ita a naɗe ba, zan gane kurena. Na san yayana. Baki gare shi, amma ba zai tunkari adda da damtse ba komai ba.

Yana fita na ɗauki mayafina. Na yanke shawarar in kai ta gidan waya kafin ya dawo, in ya so dukan ya biyo baya.