Takalmin ƙanƙara a zauren suruki

Jiya na raka ƙanina Awudu garin Yendi gaida baban yarinyar da yake nema. Gogan ya zuba ƙafa cikin wani ƙaton takalmin ƙanƙara da ya sayo a gwanjon Bawku, mu da ƙanƙara sai a firij.

A ƙofar zaure takalmi ya ƙi fita. Maimakon ya ji kunya, sai ya hau yi wa tsohon bayani: wai na Turawa ne masu sulu kan dutsen ƙanƙara, wajen hawa a sassauta dunduniya, wajen gangara a ɗaure tamau.

Ya zo durƙusawa, idon sawu ya ƙi lanƙwasa. Sai ji muka yi rim, ya kife!

Tsohon ya dube ni. "Ɗana, wannan hawan ne ko gangarar?"

Na ce, "Baba, ai har ya iso."

Jama'a, tsakani da Allah, ku za ku ba shi 'ya?