Ajiyar Alu Maƙeri

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Alu Maƙeri a Kebbe ya san halinsa: bakinsa na amsa sallama, hannunsa na miƙo maka aiki. 'Yan makaranta sun sa wa wurin suna gidan tarihi, domin an jera masaƙa da mazari da dutsen niƙa da zuga-zugi irin na kakanni. Shi kuwa ya ƙi jinin sunan. Ba ya karɓar ko kwabo a ƙofa. Kuɗin shiga shi ne ka yi zuga har gawayi ya yi ja.

Ni da muka yi karatun allo tare ma bai ɗaga mini ba. Na je da rawanina wata Juma'a, ya zaunar da ni gurzar auduga. Na ce, "Alu, wannan hannun alƙalami ne."

Ya ce, "Awo, Malam. Rigag ga taka, alƙalami yas saƙa ta?"

Wani jami'i ya zo daga Sakkwato da takarda, wai za a kwashe kayan a sa a akwatunan gilashi, a rubuta kada a taɓa. Alu ya durƙusar da shi gaban dutsen niƙa da farar shaddarsa, sai da ya niƙe gero cikin ƙoƙo, sannan ya ce masa, "Yallaɓai, tarihi abin da mai shi yam mutu na. Wanga ajiya ta." Mutumin ya koma da gari a hannun riga, babu ko allura.

Mun yi dariya, mun ɗauka taurin kai ne. Gaskiyar kuwa ita ce, yawancin kayan na mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa ne. Abin da babur bai iya ɗauka ba zuwa Tambuwal ko Dogon Daji, sai su bar masa amana. Masaƙar da ba a takawa gara ke cinye ta, fatar zuga-zugi kuma bushewa take ta tsage. Shi ya sa ya mai da kowane baƙo ma'aikaci.

Shekaru suka shuɗe, masu dawowa kaɗan ne. In aka kawo labarin rasuwar mai wani kaya, sai ya yi salati, ya ce, "Yana da magada," ya ci gaba da shafa wa ƙarfen mai. A ciwon ajalinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai kak karanta babin ajiya, ni niy yi aikinta. Yanzu kai ad da ita."

Bayan addu'ar arba'in wata mata ta zo daga Sanyinna, inda take zaman hijira. Mijinta masaƙi ne, an kashe shi a gona. Ta gane masaƙarsa da wata tsaga a jikin ƙoshiyar saƙa. Babban ɗanta da suka zo tare ya zauna ya taka, masaƙar ta amsa kamar jiya aka tashi daga kanta. Matar ta rufe fuska da mayafi.

Sauran kayan na nan. Kowace Juma'a nakan je in yi zuga da kafaɗuna masu ciwo, kuma ranar nan liman ya biyo ni, na miƙa masa mazari.

Allah Ya jiƙan Alu, Ya karɓi ajiyarsa kamar yadda ya tsare ta mutane, Ya mai da masu kayan nan gidajensu tun ina da rai.