Ranar da Hadiza ta share tsakar gida

Na isa gidanmu a Kebbe na iske Inna tana rabon waina sadaka, wai Hadiza ta warke.

Hadiza ƙanwata ce. Tun rasuwar jaririnta take kwance, ba ci ba magana, har muka kai ta asibiti a Tambuwal. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta kan magani. Ranar nan kuwa ta tashi ta share tsakar gida, ta wanke har tukwanen da ba a yi girki da su ba.

Na same ta bakin rijiya, na ce, "Hadiza, jiki ya yi sauƙi ke nan?"

Ba ta ɗago ba. "Yaya, zama ne ba ni iyawa. Tun da na fara maganin ga, ƙafafuna suka tashi, amma abin da ke raina ya fi da muni. Kar ki gaya ma Inna, dubi yadda take murna."

Na karɓe gugan daga hannunta, na riƙe ta.

Washegari muka koma asibiti. Likita ya ce hakan kan faru da wasu a makonnin farko, kuma gara da ba mu yanke maganin da kanmu ba. Ya canza mata wani, ya ce kar a bar ta ita kaɗai.

Yanzu da sauƙi, a hankali. Jiya ta bar tukwane da datti, ta zauna jikin Inna har barci ya ɗauke ta.

Saura kaɗan shara ta rufe mana ido. In naku ya fara irin maganin nan, kukan zauna ku tambaye shi yadda yake ji?