Dalmar Kakana da Dorinar Kogi

Wayata ce ta lalace, na kai ta wani ɗan kedai, wato ƙaramin kanti, a unguwar Bukit Bintang, a ƙasar wajen da nake zaune yanzu. Mai gyaran, wani dattijo ɗan Cana, ya juya ta ya ce, "Boleh, boleh," wato za ta gyaru, ya ɗora ƙarfensa mai zafi a kan dalma. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Ƙaurin na shiga hancina sai na nemi hayaniyar kantin na rasa, na gan ni tsugune a bayan rumbun gidanmu ina kallon hannayen kakana.

Mahaifin babana ne, tsohon soja. Garinmu a bakin kogi yake, masunta da manoman shinkafa. Bindigarsa doguwa ce mai ƙotar katako, irin wadda ake jan sakatar ƙarfe baya a tura gaba kafin kowane harbi. Daga cikin waɗanda soja suka daina amfani da su ya same ta, da takardar izininsa. Da harsashinta na asali ya ɓace a ƙasar, sai ya kai ta birni wurin wani maƙerin bindigogi, aka sake wa cikinta girma don ta karɓi wani irin kwanso. Daga nan babu harsashin kanti da yake gamsar da shi. Shi yake zuba nasa.

Ba kullum yake wannan aiki ba, sai in wani abu ya taso. Wanda ba na mantawa shi ne na shekarar da dorina ta addabe mu. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya yi ja, shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Wani tsohon namijin dorina da garke ya kora ya tare a fadamarmu. Da fari gonaki yake tattakewa. Sai wata safiya ya kifar da kwalekwalen ƙanen mahaifiyata, kawuna mai kawo mana soyayyen kifi a ganye. An tsamo shi da rai, bai kai la'asar ba. Masunta suka janye jiragensu kan tudu, mata suka daina zuwa wanki. Dagaci ya nemo izinin ma'aikatan gandun daji, sannan ya zo zaurenmu da kansa.

Washegari da hantsi kakana ya hura gawayi a bayan rumbu, ya kori yaran gida duka. Ni na ƙi tafiya.

"Amarya, wannan ba girkinki ba ne," in ji shi. Haka yake tsokanata, irin wasan kaka da jika.

"Kallo kawai zan yi, Kaka."

"To koma inda iska ba ta kai miki hayaƙi. Kuma kada ki kawo ruwa kusa, ko ɗigo."

Ban taɓa sanin ƙarfe yana zama ruwa ba. Dunƙulen dalmar nan baƙi ƙirin ya lafe a tukunya, ya kwanta, kakana ya yaye dattin samansa, sai ga wani abu mai sheƙi kamar an narkar da madubi. Ya ɗebo da ɗan ludayin ƙarfe ya tsiyaya a mazubi mai fuska biyu, ya ɗan jira, ya buɗe. Harsashi ya faɗo kan tsumma yana ƙyalli. Sai ya ɗaga shi da awartaki yana juyawa a rana. Wanda ya yi tamoji ko ɗan rami, tukunya yake komawa. Waɗanda suka koma sun fi waɗanda suka tsira yawa.

Bayan sun huce ya shafe su da kakin zuma da kitsen rago. Ya goge kwansunan tagulla, ya auna albarushi a wani ƙaramin ma'auni, numfashinsa a riƙe don kada ya motsa shi. Ko da kakata, matarsa, ta leƙo ta ce fura na jira, bai ɗago ba. Wuni guda, abin da ya haɗa bai cika tafin hannu ba.

Na ce, "Kaka, waɗannan ne za su kashe dorina? Ai sun yi kaɗan."

Ya ce, "In na farko bai yi ba, ba za ta ba ni lokacin ƙirga sauran ba."

Da rana ta fito washegari, gari duka ya hau tudun bakin kogi. Ina riƙe da zanin mahaifiyata, idanunta a kumbure. Kakana ya sauka shi kaɗai ta cikin shinkafa, ruwa har gwiwa, ya kwanta a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife, ya ɗora bindiga. Rana ta hau. Ƙudaje suka rufe masa wuya, bai kore su ba. Dorinar takan fito da hanci ta yi huci ta nutse, har wani saurayi ya fara cewa ya harba mana. Dattawa suka harare shi ya yi shiru.

Can ruwa ya dare, kan dorinar ya taso, faɗinsa kamar ƙofar zaure, ya juyo sosai yana duban tsohon. Tsakaninsu bai fi jifan dutse ba. Na ji mahaifiyata tana salati ƙasa-ƙasa. Ƙarar bindigar ta daki ƙirjina kafin kunnena, tsuntsayen fadama suka tashi gaba ɗaya. Kan ya nutse a hankali, kogi ya rufe.

Ba wanda ya yi guɗa, domin ba mu san ko ta mutu ba. Kakana ya ja sakata, ya sa wani harsashin, ya ci gaba da kwanciya. Sai bayan azahar gawar ta taso kamar tsibiri, masunta suka ɗaure ta da igiyoyi, maza suka yi ta ja. Lokacin ne gari ya ɓarke da ihu. Shi kuwa ya tako ya ɗora hannu a kan fatar, ya daɗe a tsaye. Da ya hau tudu, wurin mahaifiyata ya nufa. Ya ce, "Allah ya jiƙan ƙanenki, ɗiyata. Abin da zan iya ke nan."

Ya rasu ina makarantar kwana. Bindigar, babana ya miƙa wa hukuma da aka ce kowa ya kawo tasa. Kogin ya janye, yaran garin yanzu a hoto suka san dorina.

Lahadin da ta wuce ina zaune a bakin tafkin Titiwangsa, yarana suna tuƙa keke suna faɗa da Turanci, yayana ya kira daga gida. Ya ce mutanen daji sun shigo ƙauyen da ke tsallake a kan babura. "Saurara," ya ce, ya ɗaga wayar. Na ji harbi yana zuba babu tsayawa, kamar ruwan sama a kan kwano. Na taso ina zaton harbi abu ne da gari guda yake tsayawa ya jira, mutum ɗaya ya ɗauki nauyinsa. Na ce wa yayana ya kwashe Inna ya kai ta birni tun rana ba ta faɗi ba. Ya ce ta ƙi, wai shinkafarta ta kusa yanka.