Ƙugiyar Tirelar da Na Ƙera da Hannuna

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, ni matashi ne mai ji da kansa, ɗan gidan maƙera a wajen Malumfashi, na samu tsohuwar babbar mota ina ɗaukar auduga zuwa Funtua. Da kaka ta yi albarka sai na sayo tirela don in riƙa jan kaya biyu a sawu ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙugiyar da za a ɗaura ta a bayan motar. Wani tsohon mai walda a Funtua ya ce in bar masa motar kwana biyu, zai sa ƙarfe mai kauri ya ɗaure shi da noti a jikin shasi. Na yi masa dariya, na ce ni da aka yanke wa cibiya a maƙera ba za a koya mini ƙarfe ba.

Na koma gida na hura wuta, na lanƙwasa wani tsohon sifirin na mota ya zama ƙugiya. Da ya yi jawur sai na tsoma shi a ruwa, kamar yadda muke yi wa gatari don ya yi tauri. Ban san cewa ƙarfen da aka shayar haka karyewa yake yi in an fizge shi ba.

Wani Bamaguje na Gozaki, aminin mahaifina, ya loda audugarsa a tirelar. Kamar kowane manomi, ya ce ba zai rabu da kayansa ba, ya hau can sama ya zauna. Muna hawan wani tudu na canza giya, motar ta yi fizga, na ji ƙas, ƙugiyar ta karye. Tirelar ta koma da baya ta kife a kwari, ta danne shi. Ya rayu, amma ƙugunsa ya karye, bai sake riƙe fartanya ba.

Da na je gaishe shi bai zage ni ba, sai ma ya tambaye ni ko motar ba ta lalace ba. Wallahi da ya tsine mini da na fi samun sauƙi. Har yau ina jin haushin kaina, don ba rashin kuɗi ya hana ni biyan mai walda ba, girman kai ne tsagwaronsa. Masu motoci, ku kai aiki wurin mai shi. In kun yi ganganci ba lallai ku ne za ku biya ba. Ni na sauko daga motar da ƙafafuna, shi kuwa a kan ƙyauren ɗaki aka kai shi gida.