Kori a Cikin Mai

Jiya maƙwabciyata ta soya albasa da kori, ƙamshin ya tsallako katanga. Ina tsintar shinkafa, sai ga hawaye.

Malam, maigidana, ya yi aikin jirgin ruwa a Ikko yana saurayi. Da farko ko warin girkin kukunsu Ba'indiye ba ya so. Amma in igiyar ruwa ta tashi, amai ya galabaitar da shi, shinkafar nan mai kori kaɗai ke zama a cikinsa. Da son ta ya dawo Bunkure.

Duk ranar da aka sako ruwan kanal, sai ya tsuguna gaban murhuna. In ce, "Malam, mutane za su ce na kasa!"

Ya ce, "Ke dai miƙo albasa. Kori a mai ake sa shi, ba a barbaɗawa kamar gishiri."

Tun rasuwarsa abinci ba ya shiga, gwangwanin korin ma na kasa buɗewa. Yau na buɗe. Na zuba a mai, na jira ya yi kumfa yadda yake jira. Na ci, kuma ya zauna.

Allah ya cika kabarinka da ƙamshin Aljanna, Malam.