Lorraine Tuckwell, Matar da Ta Ƙaryata Shafinta

Ƙarfe bakwai na safe Lorraine Tuckwell take buɗe ɗan ɗakin nan na bayan ofishin ƙungiyar makiyaya a garin Longreach. Ta kunna fanka, ta haɗa shayi kofi ɗaya, ta zauna gaban kwamfuta. Shekara goma sha tara ke nan tana haka. Ita ke kula da shafin intanet mai gaya mana tsayin ruwa a mashigan rafuka, wanda kowannenmu ke dubawa da damina kafin ya tayar da mota. Duk faɗin yankin nan babu wanda ya san kan aikinta. In ta fara bayani a wurin gashin nama, nan da nan kowa zai tuna naman zai ƙone. Tun rasuwar mijinta ma ta daina wahalar da bakinta, don shi kaɗai ke sauraro, ko da ba ya gane komai.

A Janairun bana, tsakiyar daminarmu a nan, wani kamfani daga birni ya sabunta manhajar da aka gina shafin a kanta. Ran Talata shafi ya mutu murus. Saƙon kuskuren layi ɗaya ne tak: fayil ɗin da ke rarraba adiresoshin intanet yana kiran wata kalma daga inda ta saba zama, sabon tsarin kuwa ya kwashe ta. Mutanen birni suka ce ai abu mai sauƙi ne, a musanya tsohuwar kalmar da sabuwa a ko'ina. Aka musanya, shafi ya tashi, shugaban ƙungiya har da aika musu takardar godiya.

Lorraine kuwa hankalinta bai kwanta ba. Kwana biyu ana tafka ruwa a arewa, shafi kuwa ya kafe a kan cewa ruwan mashigin Gidgee bai kai gwiwa ba. Ran Alhamis da safe ta gano inda gizo ke saƙar. Ma'aunan ruwan da aka kafa a bakin rafuka tun tuni suna aiko da lambobinsu ta adiresoshi masu tsohon salon rubutu, sabuwar kalmar kuwa ba ta iya karanta shi. Kuma ba ta nuna kuskure, sai dai ta bar saƙonnin su wuce shiru. Ashe lambar Talata ce har yanzu a allo. Gyaran gangar Auzinawa aka yi mana.

Nan take ta tuna wani makiyayi, Warwick Dunstan. Kowace Alhamis yakan kawo matarsa Noelene asibiti wankin ƙoda, kuma ta wannan mashigin yake bi. Ta buga masa waya, sai a kira na huɗu ya ɗaga, yana bakin ƙofar gonarsa, daidai inda waya ke daina kamawa.

"Haba Lorraine, yanzun nan na duba shafinki, ya ce lafiya lau."

"Shafina ƙarya yake yi tun Talata. Bi ta doguwar hanya."

"Ƙarin kilomita ɗari da tamanin fa, 'yar'uwa. Kin san Noelene da jijjiga."

"Gara ta zage ni."

Ya juya motar yana mita. Ita kuma ta duƙufa. Adireshi arba'in da ɗaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da kowanne ƙarƙashin wata kalma ta daban da ke gane tsohon rubutu, tana gwadawa. Babu wanda za ta tambaya ko ta yi daidai. Da rana ta take lambobin suka fara shigowa. Mashigin Gidgee mita biyu da rabi, ruwan da zai shanye mota har rufinta. Mai shagon da ke maƙwabtaka da ofishin ta ce ta leƙo ta tarar da Lorraine ta kifa kai a tebur tana kuka ita kaɗai.

Ke ce, Lorraine, mai gadin hanyoyin da ba ki taɓa takawa ba. Ke ce aka ce an gama, kika ce da sauran magana. Wallahi muna jin kunyarki. Shekara goma sha tara muna cin moriyar aikinki, ba mu taɓa jawo kujera mun tambaye ki yadda ake yin sa ba. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Wata huɗu ke nan da manna sanarwar neman wanda zai gaje ta, har yau ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ku masu hannu a kwamfuta, ku zo ku koyi halinta tun tana nan: in allo ya ce lafiya, a leƙa sama a ga ko ana ruwa. Damina za ta dawo, Noelene kuwa kowace Alhamis sai ta ƙetare rafin nan, ko akwai mai duba lambar ko babu.